Jikar Mai-gadi da Jikan Jagora

Kwaɗo ne ya haɗa su, wani tsohon kwaɗo mai taurin kai da ke rataye a ƙofar ajin tarihi.

Ajin na manya ne, a saman ɗakin karatu na gari, duk yammacin Asabar. Ba jarabawa, ba bulala, ba mai tambayar shekarunka. Akwai masu furfura da suka ajiye aiki, akwai 'yan kasuwa, akwai mata masu goyo, kowa ya zo ya ji yadda aka yi garin ya zama gari, ƙasar ta zama ƙasa. To ran da za a fara, sai ga su cirko-cirko a kan matakala, ƙofa ta ce ba ta san zancen ba.

Malama, tsohuwar malamar makaranta ce da ta ce zaman gida zai kashe ta, ta miƙa wa wani dogon saurayi makullin.

"Kai mai gidan burodi, kai ne mai damtse. Gwada mana."

Ya murɗa, ya jijjiga, ya cije leɓe. Gumi ya haɗu da garin fulawar da ya maƙale a girarsa.

"Malam, kwaɗo ba ƙullun burodi ba ne da za ka yi ta kirɓa," in ji wata murya daga bayansa. "Matsa."

Ya juyo. 'Yar gajeruwa ce, baƙa, mai manyan idanu, yatsunta na ƙyalli da ƙurar tagulla. Ta karɓi makullin, ta zaro fensir daga jakarta, ta goga bakinsa a haƙoran makullin, ta hura, ta zura. Ƙaras! Kwaɗo ya saki.

Shi dai Mai-burodi bai ga kwaɗo ba. Yatsun yake kallo.

Can ƙasan matakala wani tsohon direba ya yi gyaran murya. "Ai dole. Buɗe ƙofa a jininsu yake. Jikar Mai-gadi ce fa."

Duk ido ya koma kanta. Ta juyo a hankali.

"Ƙwarai kuwa, Baba, jikarsa ce. Da ban zo ba da a tsaye za ka yi karatun naka. Bismillah, shiga."

Ba banza ba 'yan layinsu ke ce mata Barkono.

Bari in ba ku tushen maganar, don kada ku yi ta lalube. A da akwai masaƙa a garin, wadda rabin gari ke ci a cikinta. Shekarar da aka yi babban yajin aiki, ma'aikata suka tare ƙofar, suka ce ba shiga ba fita sai an biya musu buƙata. Wanda ya ja su, shi ake kira Jagora. Rannan da hantsi sai mai gadin masaƙar ya sa makulli ya buɗe ƙofar, motar 'yan sanda ta danna ciki, aka watsa taron, aka tafi da Jagora. Yau masaƙar kango ce, awaki ke kwana a ciki. Jagora ya rasu, an sa wa titi sunansa. Mai-gadi ma ya rasu, ya bar wa zuri'arsa abin gori.

Ɗansa ya buɗe shagon yankan makulli da gyaran kwaɗo a bakin kasuwa, don ya nuna wa gari ba zai gudu ba. 'Yarsa Barkono ce ke zama a kan injin. Ita kuwa abin da ya kawo ta ajin, ta gaji da jin labarin kakanta a bakin masu zagi.

Da aka zauna, kowa na faɗin ko shi wane ne, Mai-burodi bai gama buɗe baki ba Tsohon Direba ya riga shi.

"Wannan ba ya buƙatar gabatarwa. Jikan Jagora ne!"

Aka tafa. Barkono, wadda ta riga ta zauna a benci ɗaya da shi, ta ɗauki jakarta ta koma bakin taga.

Da aka tashi ya tare ta a matakala.

"Ban yi miki godiya ba."

"Riƙe abinka. Kar a gan ka da ni, a cire sunan kakanka daga titi."

"Ni fa burodi nake gasawa, ban taɓa jan yajin aiki ba. Ko a makaranta ban yi monita ba."

Ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata. Ta yi sauri ta sauka don kada ya gani. Ya gani.

Haka Asabar ta riƙa bin Asabar. Malama ta bi da su ta zamanin da aka shimfiɗa layin dogo, da yadda aka karɓi 'yancin kai, da yadda kasuwar garin ta tashi daga bakin kogi ta koma inda take. Duk wanda ya kawo labari sai ta leƙo shi ta saman tabarau.

"Wa ya gani? To bayan shi, wa kuma ya gani?"

Barkono ce mai gardamar ajin. Mai-burodi kuwa kullum zai zo da burodi mai zafi a takarda wai na kowa da kowa, amma ko ta yaya aka raba sai ɓangaren da ya fi gasuwa ya faɗo bakin taga.

Akwai kuma Mai-turare. Wannan bawan Allah bai san ko layin dogo a kwance yake ko a tsaye ba. Barkono ya biyo, don ya daɗe yana yi wa babanta fadanci. Kan ya shigo, ƙamshinsa ya riga shi zama, masu goyo su yi ta atishawa.

"Gimbiya, me za ki yi da labarin matattu? Ga mu rayayyu."

"Matattun sun fi ka iya hira," in ji ta.

Da zango ya raba tsakiya, Malama ta zo da aikin da aka san ajinta da shi.

"Kowa a nan gidansu na da labari. Amma a ajina ba mai ba da labarin gidansu da bakinsa. Za ku yi musaya. Ka je gidan abokin karatunka, ka faɗi ko kai wane ne, ka zauna gaban tsofaffinsa ka saurara. Ranar rufe aji, a gaban iyalanku, kai za ka ba da nasu, shi ya ba da naku. Abu ɗaya kuma: in tsoho ya ce maka wannan ba ta aji ba ce, to ka haɗiye ta. Ko wuƙa aka sa maka a wuya, ba ta fita."

Ta shiga haɗa su biyu-biyu. Da ta zo ƙarshe ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Jikar Mai-gadi da jikan Jagora."

"Malama, wannan ai neman fitina ne!" in ji Tsohon Direba.

"Tarihi na zo koyarwa, Direba. Da barci nake so in sa ku da na zo da matashin kai."

Ta haka lambar waya ta shiga hannu. Da safe, kafin Barkono ta ɗaga ƙofar shago, saƙon Mai-burodi ya shigo:

"Barka da asuba, Barkono. Na tsaya karanta babin layin dogo har tire guda ya ƙone. Ke kika ce ba zan iya gama shi ba, don haka laifinki ne."

Ta mayar:

"Fulawa, kar ka shafa mini baƙin tirenka. Wanda ya kasa buɗe kwaɗo ba abin mamaki ba ne in ya kasa buɗe tanda."

"Tun da kika buɗe kwaɗon nan akwai abin da ya ƙi rufuwa a ƙirjina. Kina gyara irinsa?"

Ta daɗe tana kallon wayar. Babanta ya ce, "Ke, injin nan shi zai kunna kansa?" Sai da rana ta yi sannan ta rubuta:

"Kawo a duba. Amma ban yi alkawari ba."

Ranar da ya kai ta wurin kakarsa, matar Jagora, nan aka yi ta. Kaka na zaune a kan kujerar roba a tsakar gida, ƙafafunta a kan ƙaramin matashi, hoton mijinta na leƙowa daga bangon falo. Mai-burodi ya durƙusa yana sosa ƙeya.

"Kaka, ga wata 'yar ajinmu. Tana son jin labarin Kakanmu."

"'Yar gidan wa?"

"'Yar... can bakin kasuwa suke."

Barkono ta dube shi, kallon da ya sa ya ji tanda ta fi wurin sanyi. Ta gyara durƙuso.

"Kaka, ina wuni. Ni jikar Mai-gadi ce, wanda ya buɗe ƙofar masaƙa. Ban zo da ɓoyo ba."

Kaka ta sauke ƙafafunta daga matashin.

"To tashi ki fita ta inda kika shigo. Kin ga tamu ƙofar a buɗe take, ba sai kin wahala ba."

A waje ya biyo ta yana kiran sunanta. Ta juyo, idanunta sun kaɗa.

"Kunyata kake ji?"

"Wallahi a'a. So na yi ta saba da ke tukuna."

"Ta saba da wa? Da 'yar bakin kasuwa? Tun ina 'yar ƙarama ake nuna ni da baki, ban taɓa sunkuyar da kai ba. Sai yau a kanka zan fara? In sunan gidanmu ya yi maka nauyi, ajiye shi, ni zan ɗauki abina."

Ta tafi. Saƙonninsa suka yi ta shigowa, ba ta buɗe ba. Asabar ta zo, burodin da ya faɗo bakin taga ta tura wa Tsohon Direba.

Amma kada ku ce ta bar aikin. Washegari da la'asar ta koma gidan ita kaɗai, ta yi sallama, aka ƙi amsawa, ta zauna a dakalin ƙofa har rana ta yi sanyi. Ta sake komawa. Ta kuma sake komawa. Umman Mai-burodi ta fito ta watsa ruwan wanke-wanke kusa da ƙafarta, Barkono ta ɗage zaninta kawai ta ce, "Sannu da aiki, Umma."

Shi ma Mai-burodi bai kwanta ba. Ya je shagon ya tsaya gaban baban Barkono ya ce, "Baba, ni jikan Jagora ne. Labarin mahaifinka na zo ji."

"Makulli muke yankawa a nan."

"To a yanka mini wannan."

Aka yanka. Washegari ya dawo da makullin nan dai. Aka sake yankawa. Kafin wani lokaci, duk ma'aikacin gidan burodin yana da makullin sito, har mai shara, ga saura a aljihu suna ƙara kamar akuya mai ƙararrawa. Barkono na gefe tana goge kwaɗo, ta ƙi kallonsa, amma tana ta danne dariya.

Ran nan baban ya kashe injin ya ce, "Kai, sito nawa gare ku?"

"Ɗaya ne, Baba."

Baban ya yi tsaki, ya sake kunna injin. Kuma a cikin ƙarar nan, idonsa a kan tagulla, ba tare da ya dubi yaron ba, ya fara magana.

Da yamma Barkono ta buɗe wayarta.

"Barkonona, na yi kuskure. Ba kunyarki na ji ba, tsoron Kaka na ji, kuma wannan ma abin kunya ne. Yau na faɗa wa Umma da bakina cewa jikar Mai-gadi nake so, ita zan aura. Ta jefe ni da ludayi. Bai same ni ba."

Ta rubuta:

"Da ya same ka da na fi jin daɗi. Na haƙura, Fulawana. Gobe ka zo da burodi, na gaji da ganin Direba na cin rabona."

Ita ma Kaka ta gaji. Wata la'asar ta ɗaga murya daga ciki: "Ke mai kan dutse! Shigo, kin hana kajina wucewa."

Barkono ta shiga, ta ajiye waya tana ɗaukar murya. Kaka ta yi magana har inuwa ta cinye tsakar gidan. Ta faɗi yadda ta goge wa Jagora farar riga a safiyar da aka kama shi, yadda ya dawo daga kurkuku da tarin da bai bar shi ba har kabari, yadda masu tafa masa suka daina zuwa, ita ta riƙe gidan da wankau. Can sai ta nuna wayar da yatsa.

"Kashe abin nan."

Barkono ta kashe.

"Wannan ba ta aji ba ce, kin ji ko?"

"Na ji, Kaka."

Kaka ta faɗa mata wata magana a hankali. Barkono ta fito daga gidan tana share ido da bakin mayafi, ko Mai-burodi ba ta gaya wa ba.

To Mai-turare fa? Yana ganin burodi ya koma faɗawa bakin taga, ya shafa turarensa mafi ƙarfi ya tafi shago lokacin da ba ta nan.

"Baba, ni dai tausayinka nake ji. Ka san ranar rufe aji 'yarka za ta tsaya gaban gari ta yabi Jagora? Kuma yaron nan mai zuwa yankan makulli, ba makulli yake so ba."

Da ta dawo ta tarar da babanta zaune, injin a kashe.

"Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Baba. Duka biyun."

"Mutanen Jagora ne suka ɓalle mana ƙofa suka watso kayanmu titi. Ina yaro na kwana a rumfar kasuwa. A makaranta ba mai zama benci ɗaya da ni. Shi za ki yaba?"

"Ba yabo zan yi ba, abin da ya faru zan faɗa. Shi kuma zai faɗi namu."

"Namu a bakin jikan Jagora! Na yi masa magana ne don ya bar mini shago. To ki ji: in kika hau kika ba da labarin mutumin nan, ki ajiye mini makullin shagona. Maganar aure kuwa, kar ma in ji."

Ta durƙusa har ƙasa, amma ba ta sauke ido ba.

"Baba, kai ka buɗe shagon makulli a tsakiyar garin da ke yi maka gori da makulli. A wurinka na koyi taurin kai. Zan hau. Ka zo ka ji, in ka ji ƙarya a bakina ko a bakinsa, da hannuna zan miƙa maka makullin."

A can gidan su Mai-burodi ma Umma ta ce, "Ba da yawuna ba, ba kuma da na Kaka ba."

Ya rubuto mata: "An rufe mana ƙofa ta gaba da ta baya."

Ta amsa: "Ka manta sana'ata?"

Ranar rufe aji, ɗakin ya cika har matakala. An share allo, an jera kujerun haya. Kaka na gaba da sandarta, Umma a gefenta fuska a murtuke. Baban Barkono bai zauna ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, hannu a harɗe, kamar mai jiran a taɓa shi.

Barkono ta fara. Ba ta riƙe takarda ba.

"Ni jikar Mai-gadi ce. Labarin Jagora zan ba ku, yadda matarsa ta ba ni."

Ta ba su farar rigar da aka goge. Ta ba su mutumin da ya tsaya gaban ƙofa don ana yanke wa masu saƙa yatsu a inji a sallame su hannu wofi. Ta ba su tarin, da wankau, da masu tafin da suka ɓace.

"An sa wa titi sunansa, amma ba wanda ya taɓa zuwa ya tambayi matarsa yadda ta ci da 'ya'yanta. Kuma ta ƙofar da kakana ya buɗe aka shiga aka kama shi. Wannan ba zan ɓoye ba, don haka aka yi."

Umma ta sunkuyar da kai tana murza bakin zani.

Sai Mai-burodi ya miƙe, aljihunsa na ƙarar makullai.

"Ni jikan Jagora ne. Labarin Mai-gadi zan ba ku, yadda ɗansa ya ba ni. Ran da aka tare ƙofar, akwai mata masu kaɗi da suka kwana aiki a ciki, ba su sami fita ba. Da hantsi hayaƙi ya tashi daga siton auduga. Mai-gadi ya ji suna dukan ƙofa. Ya roƙi taron, hayaniya ta hana a ji shi. Ya ga motar 'yan sanda a tsaye, ya san in ya buɗe za ta shiga. Ya buɗe. Matan suka fita, motar ta shiga. Da yamma mutanen kakana suka ɓalle ƙofar gidansa, suka watso kayansa titi, ɗansa ƙarami ya kwana a rumfar kasuwa. Kakana yana tsare, bai sa su ba. Amma da sunansa suka yi, kuma har yau ba wanda ya je ya ce a yi haƙuri."

Ya juya ya fuskanci bakin ƙofa.

"Baba, a yi haƙuri."

Tsohon Direba ya zabura. "Ƙarya ce! Wane mata? Wane hayaƙi? Ɗan mutum ai dole ya wanke ubansa. Malama, ke kika koya mana: wa ya gani, wa kuma ya gani bayan shi? Ina na biyun?"

Malama ta dubi Mai-burodi. Ya girgiza kai, ba shi da shi. Ɗakin ya ɗauki guna-guni. Mai-turare har da 'yar dariya.

Barkono ta miƙe. "Akwai na biyu."

"To wane ne?"

"An ce mini ba ta aji ba ce."

"Kun ji ko! Babu!"

Daga bakin ƙofa babanta ya yi magana. "Ke, in kina da wanda zai wanke ubana, faɗi mana. Shekara nawa muna ɗauke da abin nan?"

Hawaye suka zubo mata. Ga maganar a bakinta, kalma kaɗan ta isa ta rufe bakin gari har abada, ta kuma dawo mata da babanta.

"Baba, ka yafe mini. Amana ce. In na buɗe abin da aka ba ni in rufe, to abin da suke faɗa a kanmu ya zama gaskiya."

Sai aka ji ƙwas, ƙwas, sanda a kan siminti. Kaka ce ke miƙewa. Umma ta kai hannu, Kaka ta ture shi.

"Direba, zauna. Kana ina ranar? Kana can kan hanya da lodin gishiri." Ta juyo ga jama'a. "Ƙanwata tana cikin matan nan. Da idona na gan ta ta fito ta ƙofar, gashinta na warin hayaƙi. Ta ƙofar nan kuma aka fita da mijina. Mai-gadi ya ba ni ɗaya, ya ɗauke mini ɗaya. Na rasa yadda zan riƙe su duka biyun a hannu, sai na riƙe wanda ya fi zafi. Yarinyar nan na gwada, na ce ta rufe, ta rufe ana yankan ta. To ni na buɗe."

Ta nuna bakin ƙofa da sanda.

"Kai ɗan Mai-gadi, ba ka gaji da tsayuwa ba? Zo ga kujera kusa da ni. Ba cizo nake ba, haƙoran sun ƙare."

Baban Barkono ya dubi kujerar. Sannan ya sauke hannuwansa, ya ratsa mutane, ya zauna. Mutumin da ba mai zama benci ɗaya da shi, ga shi kafaɗa da kafaɗa da matar Jagora, yana goge fuska da hularsa.

Da aka tashi, Barkono ta zo ta durƙusa, ta miƙa masa makullin shago a tafin hannu.

"Ka ji ƙarya, Baba?"

"Mayar da shi jaka. Wa zai kunna mini inji?" Ya harari Mai-burodi da jajayen idanu. "Kai kuma, ka turo manyanka. Kuma kar in sake ganin makullin siton nan a shagona."

Umma ce ta fi daɗewa ba ta sauko ba. Amma wata safiya sai ga ta a bakin shago da tsohon kwaɗon akwatinta, wai ya ƙi buɗuwa. Barkono ta duba, lafiyarsa ƙalau. Duk da haka ta sa masa mai, ta miƙa da hannu biyu.

"Ruwan nan da na watsa," in ji Umma tana kallon gefe, "bai taɓa ki ba ko?"

"Ko ɗigo, Umma."

Mai-turare kuwa ba a sake jin ƙamshinsa a ajin ba, masu goyo suka huta da atishawa.

Aka ɗaura aure bayan an buɗe sabon zango. 'Yan aji suka zo kwansu da kwarkwatarsu, Malama a gaba, Tsohon Direba da kansa ya ja motar amarya yana ta faɗin ai shi tun farko ya san za a yi haka. A ƙofar ɗakinsu, baban amarya ya sa sabon kwaɗo da ya zaɓa da hannunsa, ya miƙa wa ango makulli. Ango ya zura, ya murɗa, ya jijjiga. Shiru.

"Fulawana," in ji amarya daga cikin mayafi, "har yau?"

Kaka ta daki ƙasa da sanda tana dariya har da tari.

"Karɓi, 'yar nan, buɗe mana. A jininku yake, kuma mun gode wa Allah da ya sa haka."

Ƙaras! Ƙofa ta buɗe.

Allah ya sa albarka a wannan gida, ya ba su zuri'a masu kunnen sauraro da ƙashin bayan faɗin gaskiya. Allah ya jiƙan Jagora, ya jiƙan Mai-gadi, ya sa jikokinsu su tsufa a benci ɗaya. Amin.